Injin Tausasa Ruwa Na Masana'anta: Yadda Yake Aiki Da Yadda Za Ka Zaɓi Daidai Da Aikinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta softena, wato injin tausasa ruwa, ta yi yawa, masu boila, masu gidan wanki na otal da asibiti, masu rini, masu kamfanin ruwan sha, kowa abu ɗaya yake tambaya: mai girman nawa zan saya? Wani ma hoton tanki zai nuna maka ya ce wannan zai ishe ni? Toh gaskiya babu wanda zai iya ba ka amsa daga hoto, ko daga faɗin bututunka. Amsar tana cikin takardar gwajin ruwanka da ɗan lissafi wanda kai ma za ka iya yi da kalkuleta ta waya. Abin da ke damuna shi ne yawan mutanen da ke zuba kuɗi masu yawa su sayi inji, bayan wata shida boila ta sake cika da farin ɓawo, sai a ce injin jabu ne, alhali tun farko ba a auna komai ba. Shi ya sa na jera matakan nan, ka bi su a jere don Allah, kar ka tsallake na 2.

1. Tabbatar taurin ruwa ne matsalarka

Ruwa mai tauri shi ne wanda ya narkar da kalsiyam da maganisiyam da yawa a hanyarsa ta cikin duwatsu, musamman dutsen farar ƙasa. A ido garau yake, ba ka ganin komai. Sai an dafa shi ko ya ƙafe sannan abin ya fito: farin ɓawo mai tauri a cikin boila da hita da bututun ruwan zafi, sabulu ba ya kumfa sai an zuba ninki, tawul ya fito daga wanki da kaushi, launin rini ya ƙi kamawa daidai, membiren, wato siririyar matatar injin RO mai cire gishirin da ya narke a ruwa, ya riƙa toshewa da wuri. A boila abin ya fi muni, domin ɓawon nan yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, sai ka ƙona mai da yawa, ƙarfen kuma ya yi ta ɗaukar zafi har bututu ya kumbura ko ya fashe.

Gargaɗi: softena aiki ɗaya ya iya, cire kalsiyam da maganisiyam. Ba ya cire gishiri, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tace laka, ba ya kawar da wari. In ruwanka zartsi yake yi a baki, RO kake buƙata, softena ba zai rage maka komai ba a nan.

2. Kai ruwan lab kafin ka yi magana da mai sayarwa

Ka bar famfon rijiyar ya yi aiki kamar minti 10 zuwa 15 tukuna, sannan ka ɗauraye roba mai tsabta sau 3 da ruwan, ka cika ta har baki ka rufe, ka kai a ranar. Ka ce a auna maka waɗannan:

- jimillar tauri
- sinadarin ƙarfe da manganis
- TDS, wato duk abin da ya narke a ruwan
- pH da alkaliniti
- kulorin, in ruwan gwamnati ne ko kana zuba shi da kanka
- dagulewar ruwa

Yawanci za a rubuta maka tauri da mg/L (miligiram a lita) ko ppm na CaCO3, su biyun abu ɗaya ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi: 0 zuwa 60 ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai tauri, sama da 180 mai tauri sosai.

A nan ne ake yawan samun kuskure, domin ba kowace ƙasa ke aiki da ma'auni ɗaya ba. Injinan Amurka suna lissafi da gpg, kuma gpg 1 daidai yake da mg/L 17.1. Jamusawa suna da dH, 1 daidai da mg/L 17.8. Na Faransa kuma fH, 1 daidai da mg/L 10. In lab ta ba ka 300 ppm, bawul mai sarrafa softena ɗinka kuma yana neman gpg, 300 za ka raba da 17.1 ka sa 18 (17.5 ne, ka ɗaga shi sama). Wanda ya danna 300 kai tsaye, injin zai yi ta shan gishiri ba tsayawa.

Gargaɗi: ɗan alƙalamin nan na TDS da ake tsomawa a kofi ba ya auna tauri. Ko bayan softena yana aiki lafiya lau, TDS ba zai sauka ba, wani lokaci ma ya ɗan hau. Mutane da yawa sun yi faɗa da mai haɗa musu inji a kan wannan ba gaira ba dalili. Sannan in da hali ka auna sau 2, lokacin ruwan sama da lokacin rani, domin ruwan ƙasa yana canzawa, ka yi lissafi da lambar da ta fi girma.

3. Abin da ke faruwa a cikin tankin

Abu 3 ne manya: tankin rezin, bawul ɗin da ke samansa mai sarrafa komai, da tankin gishiri a gefe. Rezin wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne na roba masu ruwan zuma, kamar ƙwan kifi, girmansu daga milimita 0.3 zuwa 1.2. Kowace ƙwaya tana riƙe da sodiyam a jikinta. Ruwa yana shiga ta sama ya ratsa su zuwa ƙasa, rezin ya fi son kalsiyam da maganisiyam a kan sodiyam, don haka sai ya cafke kalsiyam 1 ya saki sodiyam 2 cikin ruwan. Sodiyam ba ya yin ɓawo, ba ya kashe sabulu. Ruwan ya shiga rariyar da ke ƙasa ya hau ta bututun tsakiya ya fita da laushinsa. Shikenan aikin, musaya ce kawai.

Amma sodiyam ɗin zai ƙare. In rezin ya cika da kalsiyam, ruwa zai riƙa wucewa yadda ya shigo, kuma babu wata alama da ido zai gani. Sai an yi masa wankin gishiri ya farfaɗo. Wankin yana bin wannan tsari, kuma a wasu bawul za ka ga haruffansa a allo:

Na farko bakwash (BW), ruwa ya shigo ta ƙasa ya yi sama da ƙarfi na minti 10 zuwa 15, ya ɗaga rezin ya warware shi, datti da fasassun ƙwayoyi su fita ta magudana. Saboda wannan ne ba a cika tanki da rezin har baki, ana barin fili a sama kamar rabin tsayin rezin ɗin don ya samu wurin tashi.

Na biyu jan ruwan gishiri (BD). Akwai wani ɗan ƙaramin abu cikin bawul da ake kira injekta, gudun ruwa ta cikinsa shi ke zuƙo ruwan gishiri daga tankinsa, ya sirka shi ya koma kamar kashi 10 cikin 100, ya ratsa rezin a hankali. Yawan sodiyam ɗin ne ke tilasta wa rezin ya saki kalsiyam. In ruwan gishirin ya ƙare, ruwa zalla ya ci gaba da bi a hankali yana tura ragowar. Wannan shi ne mataki mafi tsawo, yakan kai awa 1, kuma shi ne wanda bai kamata a gajarta ba.

Na uku ɗauraya mai ƙarfi (RR), ta wanke sauran gishiri ta kwantar da rezin. Na huɗu (BF) bawul ya mayar da ruwa cikin tankin gishiri don ya narke kafin wanki na gaba. Duka dai awa 1 da rabi zuwa 2.

Abin lura ga masu ruwan sha da kayan abinci: duk mg 100 na tauri da aka cire, kusan mg 46 na sodiyam ke shiga madadinsa. Ruwa mai tauri 300 zai ƙaru da sodiyam kusan mg 138 a lita. In RO na bayansa babu damuwa, zai cire. In babu, ka duba ƙa'idar ruwan sha ta inda kake.

4. Auna ruwan da kake ci

Lamba 2 kake nema. Ta farko jimillar lita a rana. Ta biyu, wadda ake mantawa, mafi yawan ruwan da ake ja a awa ɗaya lokacin da duk injina suka tashi tare. Hanya mafi inganci ka sa mitar ruwa a layin ka riƙa rubutawa na sati 1 ko 2. In babu mita, ka duba tankin ajiya nawa kake ƙararwa a rana, ka kuma duba takardun injinanka ka ga abin da kowanne ke sha.

Kuma ka tambayi kanka, duk ruwan ne ke buƙatar tausasawa? Banɗaki, wankin ƙasa, ban ruwan shuke-shuke, duk ba sa buƙata, shuke-shuke ma sodiyam cutar da su yake. Ka raba layi, wanda ke zuwa boila da injin wanki da RO kawai ya bi ta softena. Wannan kaɗai yana iya rage maka girman inji da gishiri sosai.

5. Lissafin rezin, nan ne zuciyar maganar

Bari mu ɗauki misali. Kamfani yana cin lita 80,000 a rana, tauri mg/L 300, awa mafi cunkoso lita 10,000.

Nauyin taurin da za a cire a rana: lita 80,000 sau mg 300, ya ba da giram 24,000, wato kilo 24.

Yanzu lita 1 ta rezin giram nawa take iya kamawa? Ya danganta da gishirin da ka ba ta. In ka ba kowace lita giram 100 na gishiri, za ta kama kusan giram 45. Da giram 120, kusan 50. Da giram 160, kusan 58. Da giram 240, kusan 68. Ka duba da kyau, daga 120 zuwa 240 ka ninka gishiri amma aikin bai ƙaru da ko rabi ba. Shi ya sa ni shawarata kullum ka sayi rezin mai ɗan yawa ka ba shi gishiri matsakaici, ya fi ka sayi ƙaramin tanki kana ɗura masa gishiri har abada. Rezin sau ɗaya ake saye a shekaru, gishiri kuwa kullum ne.

Mu ɗauki 50. Giram 24,000 raba 50 ya ba da lita 480 na rezin, in wanki sau 1 za a yi a rana. Ƙara kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana saboda rezin yana tsufa ruwa kuma yana canzawa, ya zama kamar lita 550.

Gargaɗi: wasu masu sayarwa suna lissafi da lambar ƙoli ta rezin da ke takardar kamfani, ko ta giram 240 na gishiri, don injin ya fito ƙarami farashi ya yi daɗin ji. Ka tambaye shi kai tsaye, wannan ƙarfin da ka rubuta, da gishiri giram nawa a lita?

Ba a gama ba, sai ka gwada gudu. Ruwan da zai ratsa a awa ya kasance tsakanin ninki 8 zuwa 40 na yawan rezin. Lita 10,000 raba 550 ya ba da 18, lafiya lau. In ya wuce 40 ruwa yana gudu rezin bai gama kama tauri ba, firesha kuma ta faɗi. In ya yi ƙasa sosai, musamman a tanki mai faɗi, ruwa zai haƙa wa kansa hanya ɗaya ya yi ta bi ya bar sauran rezin a zaune, don haka inji mai girman da ya wuce kima shi ma matsala ne.

Zurfin rezin kar ya gaza santimita 75 zuwa 80. Lita 550 za ta zauna daidai a tanki mai faɗin inci 36 da tsayin inci 72, zurfin zai kai kamar santimita 84. Kuma wannan tankin yana son kusan lita 8,000 a awa lokacin bakwash. Ka tabbatar famfonka da magudanarka za su iya, in ba haka ba rezin ba zai tashi ba, zai dunƙule da datti a hankali.

In TDS ɗinka ya haura 500, ko sodiyam ya riga ya yi yawa a ruwan, ƙarfin rezin yana raguwa kuma ɗan tauri yana silalewa ya wuce. A nan ka sa mai sayarwa ya yi maka lissafin da takardar lab ɗinka a gabansa, ya rubuta taurin da ya yi alkawarin zai fito.

6. Tanki 1 ko 2, agogo ko mita

Tanki 1 yana nufin duk lokacin wanki, awa 2 babu ruwa mai laushi. Wasu bawul ma a wannan lokacin ruwa mai tauri suke sakewa ya wuce zuwa layi, wanda ga boila ba ƙaramin haɗari ba ne. In kuna tashi daga aiki da dare, ko kana da tankin ajiya na ruwa mai laushi da zai riƙe ka, tanki 1 ya isa, ka saita wanki cikin dare kuma ka nemi bawul wanda ke rufe layi lokacin wanki.

In aikin awa 24 ne, ko boila ce ba ta tsayawa, kar ka yi jayayya, tagwaye za ka sa. Ɗaya na aiki ɗaya na jira, in na farko ya cika mita ta juya ruwa zuwa na biyu nan take. A misalinmu tanki 2 masu lita 300 kowanne za su yi: 300 sau 50 giram 15,000, raba da tauri, wato giram 0.3 a lita, lita 50,000 kenan kowane zagaye, ka saita a 45,000. Gudu kuma 10,000 raba 300 ya ba da 33, yana cikin iyaka. Manyan wurare da jan ruwansu ke hawa da sauka suna sa 3 ko fiye, tankuna suna shigowa aiki ɗaya bayan ɗaya gwargwadon buƙata.

Maganar agogo da mita kuwa, mai agogo yana wanki a ranar da aka saita masa ko an yi aiki ko ba a yi ba, ranar da aiki ya yi yawa kuma rezin ya cika tun rana ba ruwansa. Mai mita lita yake ƙirgawa. Ga masana'anta mita kawai nake ba da shawara. Akwai kuma bawul na hannu, yana da sauƙin kuɗi kuma ba ya son wuta, amma sai in kana da ma'aikacin da ba ya mantuwa.

Sunayen da za ka ci karo da su a bawul akwai Fleck, Clack, Autotrol da Runxin, a rezin kuma Purolite, Lewatit, Amberlite, Indion. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne ana samun fistin da sil da injekta ɗinsa kusa da kai, kuma akwai wanda ya iya buɗe shi.

7. Abin da za ka sa a gabansa

Rezin ba ya shiri da abu 3. Laka da yashi suna toshe shi suna cinye sil na bawul, maganinsu filtar yashi a gaba. Kulorin yana cin jikin ƙwayoyin su yi laushi su narke kamar kunu su toshe hanya, in ya kai mg/L 0.5 zuwa 1 ka sa filtar gawayi a gaba, ko aƙalla ka nemi rezin mai ƙarfin saƙa kashi 10 maimakon na kullum mai kashi 8. Sai ƙarfe, wanda za ka gane shi in ruwa ya fito garau amma ya zama ja bayan ya jima a bokiti. Softena yana kama ɗan kaɗan, amma gishiri ba ya wanke shi duka, sai ya lulluɓe rezin a hankali ya rage masa ƙarfi. In ya haura mg/L 0.3 ka yi maganar filtar cire ƙarfe.

Jerin ya zama: famfo, filtar yashi ko ta ƙarfe, gawayi, softena, sannan boila ko RO. Mai da giris kuwa ko ɗigo kar su shiga, rezin da ya sha mai da wuya ya dawo.

8. Kuɗin da ba a gaya maka ranar saye

Farashin inji sau ɗaya ne. Ga na kullum a misalinmu: lita 550 sau giram 120, kilo 66 na gishiri kowane wanki. A wata kusan tan 2, buhu 80 kenan masu kilo 25. Ka ninka da kuɗin buhu a inda kake, ka ninka da 12, ka ajiye kusa da farashin injin, za ka ga dalilin da ya sa na dage a kan mataki na 5. Ruwan da wanki ke zubarwa kamar lita 3,000 zuwa 5,000 kowane zagaye. Wutar bawul ba ta kai a yi magana ba, ta famfo ce abin lissafi. Rezin yakan yi shekara 5 zuwa 10 in an kare shi daga kulorin da ƙarfe. Sai kayan gwaji da sil na bawul lokaci-lokaci.

Kafin ka biya, a rubuta maka a takarda: lita nawa ne rezin kuma wane iri, faɗi da tsayin tanki, sunan bawul da lambarsa, lita nawa zai bayar tsakanin wanki da wanki a taurin ruwanka, kilo nawa na gishiri, da taurin da zai fito. Ranar haɗawa ka tsaya ka ƙirga buhunan rezin da idonka, yawanci lita 25 ne kowanne, lita 550 buhu 22 kenan. Da zarar an rufe tanki babu mai sanin abin da ke ciki.

Gishiri kuma ka nemi na ƙwaya wanda aka yi don softena, mai tsabta sama da kashi 99. Gishirin girki mai laushi yana cakuɗewa ya zama taɓo a ƙasan tanki, ɗanyen gishiri mai ƙasa-ƙasa kuma yana toshe injekta. In dole shi za ka yi amfani da shi, ka narkar a wani tanki daban ya kwanta ka tace.

9. Kafawa

Daɓe mai ƙarfi kuma a miƙe, a inuwa, domin rana tana cin tankin faiba. Firesha kar ta gaza bar 2 lokacin wanki, in ta yi ƙasa injekta ba zai zuƙi gishiri ba, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a ce inji ba ya aiki. Kar kuma ta wuce bar 8. Ka sa gejin firesha a shiga da fita, baifas, wato layin da zai kewaye injin, don ranar gyara, da ɗan famfon ɗibar ruwan gwaji a gaba da baya.

Wajen zuba rezin, ka fara daidaita bututun tsakiya ka toshe bakinsa da tef, ka zuba ruwa kamar kashi 1 cikin 3 na tankin don kar tsakuwa ta fasa rariyar ƙasa, sannan tsakuwa in tsarin yana da ita, sannan rezin. Kar ka manta ka cire tef ɗin kafin ɗora bawul. Rezin da ya zube a ƙasa a share nan take, santsinsa yana kayar da mutum.

Gargaɗi 3 a nan. In layin yana zuwa boila ko hita, sa bawul mai hana ruwa komowa baya, ruwan zafi yana lalata tankin faiba da kayan robar cikin bawul. In akwai famfo mai ja a bayan softena ko layin yana gangara ƙasa sosai, sa abin da ke shigar da iska, domin tankin faiba yana jure turi daga ciki amma zuƙa tana lotsa shi. Bututun magudana kuma kar ka tsoma shi cikin kwata, bar tazara ta iska tsakaninsu don kar ƙazanta ta komo. Ruwan wankin nan gishiri ne sosai, kar a sake shi a gona ko kusa da rijiya, ka bi dokar zubar da ruwan masana'anta ta wurinku.

10. Tashin farko

Sa bawul a bakwash, buɗe ruwan shiga kaɗan-kaɗan har iska ta gama fita, in ka buɗe gaba ɗaya iska za ta watsa rezin sama. Bar shi har ruwan magudana ya washe, sabon rezin yakan fitar da ɗan launi. Zuba ruwa da gishiri a tankinsa. Lita 1 ta ruwa tana narkar da kusan giram 360, don haka kilo 66 yana son kusan lita 185, kuma a ba shi awa 4 zuwa 6 ya narke. Shigar da lokaci, tauri, ƙarfin rezin, sannan ka sa masa ya yi wanki aƙalla sau 1 a sati ko da ba a yi aiki ba, don kar ruwa ya kwana ya lalace a ciki. Yi cikakken wanki 1 kana tsaye, ka ga da idonka ruwan gishiri yana sauka kuma ya dawo daidai inda yake.

11. Kula ta kullum da gano matsala

Sayi kit ɗin gwajin tauri na ɗigo. Ka ɗebi ruwa zuwa layin kwalbar, ka sa maganin launi, in ya yi shuɗi ruwa ya yi laushi, in ya yi ja akwai tauri, sai ka riƙa ɗiga ɗayan maganin kana ƙirgawa har ya koma shuɗi. Minti 2 ne. Mai boila ya yi shi kowane shif, ya rubuta a littafi tare da lambar mita da buhunan gishirin da aka zuba. Boila tana son tauri kusan sifili, ka duba iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta. Lokacin da gwaji ya fi amfani shi ne dab da wanki, domin a nan ne za ka san ko rezin yana kaiwa ƙarshen zagaye ko yana gazawa a hanya.

In ruwa ya fito da tauri, bi wannan jerin kafin ka kira kowa. Baifas a rufe yake da kyau? Akwai gishiri, kuma yana raguwa? In kwana da kwanaki bai sauka ba, ka sa sanda ka taɓa a hankali, wani lokaci gishiri yana daskarewa a sama ya bar rami a ƙasa, ruwa ba ya taɓa shi, sai a farfasa. Sannan ka kunna BD ka cire bututun gishiri ka sa yatsa a bakin bawul, in ba ka ji zuƙa ba to injekta ko ƴar rariyarsa ta toshe, ko firesha ta yi ƙasa, ko iska na shiga ta wani mahaɗi. Ka duba mita tana ƙirgawa, ka duba agogo bai ruɗe ba bayan ɗaukewar wuta. Ka sake auna ruwan shiga, ƙila taurinsa ya hau.

In ruwan ya fito da ɗanɗanon gishiri bayan wanki, ɗauraya ta yi gajarta ko magudana ta toshe, ko tankin gishiri ya cika fiye da kima. In ka ga ƙwayoyin rezin a layi, rariya ko bututun tsakiya ya fashe, tsayar da inji kafin su shiga boila ko RO. In ruwa yana ta zuba a magudana alhali ba wanki ake ba, sil da fistin sun ci, a canza su.

In bambancin gejin shiga da na fita ya haura bar 1 kuma bakwash bai gyara ba, ko litar da yake bayarwa tsakanin wanki ta ragu sosai duk da gishiri na tafiya daidai, buɗe tanki ka ɗebo rezin daga ɗan zurfi. In ya yi ja-ja ko baƙi-baƙi ƙarfe ne, akwai maganin wanke rezin da ake zubawa a tankin gishiri, yakan dawo da shi. Ka murza shi tsakanin yatsu 2, mai lafiya zai tsaya da taurinsa, wanda kulorin ya cinye zai murƙushe ya zama laka-laka, wannan canzawa za a yi, kuma a gyara filtar gawayi kafin a zuba sabo. Tankin gishiri kuma a kwashe a wanke shi sau 1 a shekara, sau 2 in gishirin da kake samu yana da datti.